Darasi na 24: Furen lis a ƙasar zafi

KARATU

1. Filin bayan aji

A bayan aji biyar na wata makaranta a Adjamé akwai wani ɗan fili. Babu abin da ke cikinsa sai tsofaffin gwangwanaye da ledoji. Tun bara yara suke roƙon shugaban makaranta ya ba su shi su yi lambu. Da aka dawo daga babban hutu, sai ya shigo ajin ya ce: "Lambu ba wasan yara ba ne. Ku raini shuka ɗaya har ta yi fure, ku kira ni in gani. In kun iya, fili ya zama naku. In kun kasa, zan sa a shafe shi da siminti."

Ran Asabar Malam ya ɗauki yara shida, suka shiga bas. Suka ratsa Plateau, suka haye gadar Houphouët-Boigny, wadda aka gama ginawa a 1957, suka sauka Treichville. A can akwai wani tsoho mutumin Maraɗi mai sayar da shuke-shuke a bakin hanya. Kowa na kiransa Baba mai furanni.

Bayan an gaisa, Malam ya gaya masa abin da ke tafe da su. Baba ya yi ɗan shiru, sa'an nan ya shiga rumfa ya fito da wani kwali. A cikin kwalin akwai baƙar ƙasa mai laushi. Ya tona ta da hannu, ya fid da wasu abubuwa guda uku, kowane ya kai dunƙulen hannun yaro.

Wata yarinya ta ce: "Baba, albasa ce?"

Baba ya yi dariya ya ce: "Albasar fure ce, jikata. Sunan furen lis. Kada ki kuskura ki kai wa innarki ta sa a miya, an zuba mata magani. Daga ƙasar Holan aka kawo wa wani mai otal, waɗannan uku suka rage. Na ba ku su. Amma ku sani, baƙuwa ce a garin nan, baƙo kuwa sai da kulawa."

Yara suka karɓa suna jujjuyawa. Albasar miya tana da busasshen ɓawo wanda ke rufe ta. Albasar lis ba ta da shi. Sala-sala ce masu kauri, wata kan wata, ga ƴan saiwoyi a gindi. Baba ya ce rashin ɓawon nan ne ya sa take saurin bushewa, don haka kada su bar ta a sarari, su shuka ta cikin kwana biyu ko uku.

2. Ina ne gidan lis?

Ran Litinin Malam ya rataye taswirar duniya a jikin allo. Ya ce: "Lis na daji sun kai iri 100. Suna fitowa a Asiya da Turai da Amurka ta Arewa, a ƙasashen da ake tsananin sanyi wani lokaci na shekara. Ƙasar Sin ta fi kowace ƙasa yawansu. A Afirka ta Yamma babu ko ɗaya da ke fitowa da kansa."

Ya nuna musu lardin Sichuan na ƙasar Sin. A 1903 wani Bature ɗan Ingila mai neman tsirrai, sunansa Ernest Wilson, ya sami wani farin lis a kwarin kogin Min. Furensa dogo ne mai buɗaɗɗen baki, kamar kakakin sarki. Ya aika da albasarsa Ingila, daga nan ya bazu cikin lambunan duniya.

Wani yaro ya ɗaga hannu: "Malam, me ya sa lis yake son sanyi?"

Malam ya ce: "A ƙasarsu, in sanyi ya shigo, karan lis yakan mutu. Albasa ta kwanta cikin ƙasa kamar mai barci. Sai ta sha sanyi na makonni da yawa kafin ta iya fid da sabon kara mai fure. To, nan Abidjan ko a watan Janairu da dare ba kasafai zafi ke sauka ƙasa da digiri 20 ba. Albasa kuwa tana bukatar wajen digiri 2 zuwa 5. Shi ya sa manoman Holan suke ajiye ta a ɗakin sanyi kafin su aiko da ita. Waɗannan uku da ke hannunmu sun riga sun yi barcinsu. Da sun ji ƙasa da ruwa za su tashi."

3. Yadda ake aurar da fure

Malam ya ci gaba: "Lis ɗin da Baba ya ba mu ɗan aure ne. Wa ya san alfadari?"

Yara suka ce: "Ɗan jaki da goɗiya!"

"Madalla. Ya ɗauko juriya daga ubansa, ya ɗauko girma daga uwarsa. Haka ake yi wa furanni."

A tsakiyar furen lis akwai ƴan tsinkaye shida, kowane da wani gari ja ko ruwan goro a kansa. Shi ne garin fure. A tsakiyarsu akwai tsinke na bakwai, wanda ya fi su kauri, kansa da danƙo. In garin fure ya sauka a kan wannan danƙon, sai fure ya yi ƴaƴa. A daji ƙwari ke yin wannan aiki. A lambu kuwa mutum yakan sa ɗan buroshi ya ɗebo garin wani iri, ya shafa a kan na wani irin. Ya shuka ƴaƴan da aka samu, ya jira shekara biyu ko uku ko fiye kafin ya ga furensu. A cikin ɗaruruwa, watakila guda ɗaya ne zai yi kyan da ake so.

Wani Ba'amurke mai suna Leslie Woodriff ya aurar da iri biyu na Asiya, ya sami dogon lis mai jan fure da ake kira Black Beauty, a 1957. Akwai kuma wani mai ruwan goro da ake kira African Queen, wato Sarauniyar Afirka. Sunan ne kawai na Afirka, a jihar Oregon ta Amurka aka fid da shi.

Dogayen lis na yanzu, yawancinsu an same su ne ta aurar da iri mai faffaɗan fure da ƙamshi da iri mai siffar kakaki. A ƙasar sanyi, in albasa ta yi shekara biyu ko uku a wuri ɗaya, karanta yakan kai mita 2, har ya wuce kan babban mutum.

4. Shuka

Kafin su baro Treichville, Baba ya sa sun rubuta ƙa'idodin shuka a littafinsu. Ga su:

a) A sami bokiti ko tukunya mai zurfin santimita 30 ko fiye. A huda gindin wuri biyar ko shida. A ɗora shi kan bulo biyu don ruwa ya riƙa fita.

b) A haɗa baƙar ƙasa kashi 2, da rairayi mai tsakuwa kashi 1, da takin da ya ruɓe sarai kashi 1. Kada a ɗebo rairayin bakin teku, yana da gishiri. Ɗanyen taki kuma yana ƙona albasa.

c) A binne albasa zurfin santimita 15, tsininta sama, saiwoyinta ƙasa. Karan lis yakan fid da wasu saiwoyi a saman albasa, cikin ƙasa. Su ke ciyar da shi, su ke riƙe shi. In ba a binne da zurfi ba, ba za su sami wurin fita ba.

d) A kafa sandar gora tun ranar shuka, a gefen albasa. In aka bari sai daga baya, sanda na iya soke ta ba a sani ba.

e) A ajiye bokiti inda hantsi ke samunsa, inuwa ta rufe shi da rana tsaka. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa a kan ƙasar don kada ta yi zafi.

f) Kafin a ba da ruwa, a cusa yatsa cikin ƙasa. In da laima, a bari sai gobe. In ta bushe, a zuba ruwa a gindi da safe, ban da kan ganye.

Malam ya raba aji kashi uku, kowane kashi da albasa ɗaya. Aka yi shuka a tsakiyar watan Oktoba.

Kashi na farko suka ce ina amfanin wahalar neman bokiti, ga ƙasa? Suka haƙa rami a gindin bango, daidai inda ruwan kwano ke zuba. A ganinsu sun huta da ban ruwa. Kashi na biyu suka sami bokiti suka huda, suka haɗa ƙasa yadda aka ce. Amma sun ƙosa su ga tsiro, sai suka binne albasa sama-sama, sanda kuwa suka ce sai ta girma. Kashi na uku suka bi abin da ke cikin littafi ɗaya bayan ɗaya.

5. Kulawa

Abidjan gari ne mai ruwa. Damina biyu ake yi: babba, wadda ta fi ƙarfi a watan Yuni, da ƙarama a Oktoba da Nuwamba. Ruwan da ke sauka a shekara ya fi milimita 1,500, wato ya ninka na Maraɗi wajen sau uku. Wannan shekara ma ƙaramar damina ba ta yi wasa ba.

A mako na biyu tsiro ya leƙo a bokitai biyu. A gindin bango kuwa shiru. Da aka cika mako uku Malam ya ce a tona. Suka tarar albasa ta ruɓe, ta yi laushi, tana wari. Malam ya ce: "Saiwa ma tana numfashi. In ruwa ya kwanta a kanta, iska ba ta shiga. Ruwan da kuke zaton gata ne, shi ya kashe ta."

Na kashi na biyu ya riga kowa fitowa, ya kuma yi saurin tashi. Yara suna ta alfahari da shi. Wata rana da dare a ƙarshen Nuwamba aka yi hadari da iska. Da safe suka tarar kara ya karye daga gindi, yana kwance a ƙasa. Wani yaro ya ce: "Malam, ai zai sake tohowa." Malam ya girgiza kai: "Kara ɗaya albasa ke fitarwa a shekara. In ya karye, furen bana ya tafi."

Saura ɗaya ke nan. Yanzu babu sauran kashi-kashi, aji duka ya koma kan bokiti guda. Duk lokacin da kara ya ƙaru da tsawon taƙi, sai su ɗaure shi a jikin gora da tsumma mai laushi, sako-sako, don kada ya shaƙe. In hadari ya haɗu, yara biyu su ja bokiti ƙarƙashin baranda. Wata safiya suka ga ƙananan ƙwari kore sun taru a kan sabon ganye suna tsotsa, irin waɗanda manoma ke kira darɓa. Suka kaɗa sabulu kaɗan a ruwa suka wanke su. Wata rana kuma dodon koɗi ne ya ci ganye biyu. Suka neme shi ƙarƙashin bulo, suka kai shi nesa. Saboda tumakin unguwa, suka kewaye bokitin da tsohuwar ragar waya.

Da hutun ƙarshen Disamba ya zo, suka rubuta sunayensu a takarda, kowace rana da mai zuwa duba shuka. Mai gadi ya yarda zai riƙa buɗe musu ƙofa da safe. Ba a sami ranar da aka yi fashi ba.

Ga awon da suka rubuta a littafin aji:

Mako na 2: santimita 5
Mako na 4: santimita 22
Mako na 6: santimita 45
Mako na 8: santimita 68
Mako na 10: santimita 88
Mako na 12: santimita 102
Mako na 14: santimita 110

6. Fure ya buɗe

A kan kara kawunan fure huɗu suka fito, kore, dogaye kamar kuɓewa. Kullum suna ƙara ƙiba. A ƙarshen Janairu, wata Alhamis da safe, yarinyar da ke da aikin ban ruwa ta shigo aji da gudu: "Malam, ya buɗe!"

Furen ya fi tafin hannun Malam faɗi. Bakinsa fari, cikinsa ja-ja. Ƙamshinsa kuwa har cikin aji. Wani yaro ya kai hanci kusa, garin fure ya ɓata masa riga. Ya tashi zai sa ruwa, Malam ya hana shi: "Kakkaɓe shi a bushe. In ka jiƙa, ya zauna ke nan." Ya kuma gargaɗe su cewa lis dafi ne ga kyanwa. Ko ganyensa ta tauna, ko garinsa ta lasa a jikinta, ƙodarta na iya lalacewa ta mutu.

Aka kira shugaban makaranta. Ya zo ya duba furen, ya karɓi littafin awo ya karanta tun daga farko. Ya tambayi labarin sauran biyun, yara suka gaya masa gaskiya. Ya ce: "Wanda ya san abin da ya kashe shukarsa ya fara zama manomi. Gobe ku zo da tsintsiya da kwando, fili naku ne."

7. Bayan fure

Ran Asabar suka koma Treichville don su yi wa Baba godiya. Wani yaro ya ce: "Baba, Malam ya ce yana kai mita 2, namu kuwa mita 1 da santimita 10 ya tsaya."

Baba ya ce: "Zafi ne, jikana. A ƙasar zafi yakan yi gaggawar yin fure tun bai gama tsawo ba. Abin da kuka samu ma ba kaɗan ba ne."

Sa'an nan ya koya musu abin da za su yi nan gaba. In fure ya yanƙwane, a cire shi kaɗai, a bar kara da ganye. Ganye ne ke dafa abinci da hasken rana, ya aika wa albasa ta ajiye don baɗi. A ci gaba da ban ruwa kaɗan-kaɗan har kara ya yi rawaya ya bushe da kansa. Daga nan a tono albasa, a sa ta a leda mai huji tare da garin katako mai ɗan laima, a ajiye a ƙasan firiji mako 8. Kada a sa ta wurin ƙanƙara. Kada kuma a haɗa ta da ayaba ko mangwaro, don nunannun ƴaƴan itace suna fid da wata iska mai ɓata furen da ke cikin albasa.

Baba ya ce: "Ko kun yi duk wannan, kowace shekara ƙarfinta raguwa zai yi, don nan ba gidanta ba ne. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Bari in ba ku ƴar gida."

Ya kawo wata babbar albasa mai dogon wuya. Malam na ganinta ya ce: "Albasar kwaɗi!" Baba ya ce ita ce. Tana fitowa da kanta a fadamun ƙasar Hausa da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Da ruwan farko ya sauka, sai ta fid da kara mai fararen furanni, kowane da jan zane a tsakiya. Masu sayar da furanni sukan kira ta lis, amma masana tsirrai sun ce danginta daban. Ba ta bukatar firiji. Ba a kuma binne ta da zurfi, wuyanta a waje ake bari. Ita ma ba a cin ta, tana da dafi.

Yara suka share filin bayan aji, suka tayar da kunya mai tudu don kada ruwa ya kwanta. Suka shuka albasar kwaɗi a jere, tare da tumatir da yakuwa. Bokitin lis kuwa yana nan a baranda, ana jiran karansa ya bushe.

ABIN TUNAWA

Kafin ka shuka wani abu, tambayi inda ya fito da irin yanayin da ya saba da shi.
Albasar lis tana son sanyi kafin shuka, da zurfin santimita 15, da ƙasar da ba ta riƙe ruwa.
Dogon kara yana bukatar sanda tun ranar farko.
Ba a yanke ganye bayan fure sai ya bushe da kansa.

KALMOMI: HAUSA DA FARANSANCI

fure: la fleur
albasar fure: le bulbe
kara: la tige
saiwa: la racine
ganye: la feuille
garin fure: le pollen
ɗan aure: l'hybride
taki: le fumier
sandar riƙe shuka: le tuteur
ban ruwa: l'arrosage
dodon koɗi: l'escargot
darɓa: les pucerons

TAMBAYOYI

1. Wane sharaɗi shugaban makaranta ya sa wa yara?
2. Mene ne bambancin albasar miya da albasar lis?
3. A waɗanne sassan duniya lis ke fitowa da kansa?
4. Yaya ake aurar da furanni iri biyu?
5. Me ya kashe albasar kashi na farko? Me ya karya karan kashi na biyu?
6. Don me ake binne albasar lis da zurfi?
7. Me ya sa albasar kwaɗi ba ta bukatar firiji?

LISSAFI

1. Dubi awon da ke cikin littafin aji. Santimita nawa kara ya ƙaru tsakanin mako na 4 da na 8?
2. Santimita nawa suka rage wa lis ɗin yara ya kai mita 2?
3. Kana da baƙar ƙasa gwangwani 6. Gwangwani nawa na rairayi da na taki za ka haɗa?

AIKI

1. Ku yanka albasar miya biyu, ku zana cikinta, ku rubuta sunayen sassanta da Hausa da Faransanci.
2. Ku sami gwangwani biyu, ɗaya a huda gindinsa, ɗaya a bar shi. Ku shuka ƙaramar albasa a kowane, ku riƙa ba su ruwa daidai wa daida. Bayan mako uku ku tono, ku rubuta abin da kuka gani.
3. Ku tambayi iyayenku ko kakanninku ko sun san albasar kwaɗi, da inda suka taɓa ganinta. Ku kawo amsa aji.